Tarar naira 30,000 da neman biza: nazarin lamarin wani mai gyaran waya a Zariya

Asalin lamarin: Maris zuwa Afrilu 2016

Mutumin da wannan nazari ya shafa haifaffen Tudun Wadan Zariya ne. A 2016 yana da shekara 23, yana karatun aikin gona a wata babbar makaranta a garin, da yamma kuma yana zama a teburin gyaran waya a PZ, cikin Sabon Gari, inda yake samun na mota da na takardu. A watan Maris wani yaro da ya saba kawo masa gyara ya zo da waya ya ce sayarwa zai yi. Babu kwali, babu rasit, kuɗin da ya faɗa kuma bai kai rabin farashinta a kasuwa ba. Ya saya, ya canza mata gilashi, ya sayar wa wata mata. Bayan mako uku 'yan sanda suka yi tirakin ɗin wayar suka kama matar, matar ta nuna shi, yaron kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba.

Ya kwana biyu a hannun 'yan sanda. An rubuta bayaninsa, an shafa wa yatsunsa goma tawada an danna a kan kati, sannan aka kai shi kotun majistare bisa tuhumar karɓar kayan sata. A zaman farko ya ce bai aikata ba, aka tura shi ajiya gidan yari har a cika sharuɗɗan beli. Mako ɗaya ya wuce ba a samu ma'aikacin gwamnatin da zai tsaya masa ba, ga jarabawa ta matso. Masu zaman harabar kotu suka ba kawunsa shawarar da ake ba kusan kowa a irin wannan hali: ya amsa laifi, a ci shi tara, kowa ya huta. Kawun ya same shi ya ce, "Ɗana, ka rufa mana asiri ka amsa. Uwarka ba ta barci."

Ranar 14 ga Afrilu ya amsa laifi, babu lauya a gefensa. Aka yanke masa ɗaurin wata shida ko tarar naira 30,000. Kawun ya biya a ranar, aka ba shi rasit, ya miƙa wa mahaifiyar. A gida aka ce an kashe magana.

Tafiye-tafiyen da ba a tambaye shi komai ba: 2017 zuwa 2019

Ya gama karatu, aikin gwamnati bai samu ba, sai ya faɗaɗa harkar waya. Ya riƙa kai batura da gilasai da caja Maraɗi: daga Kwangila zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Jibiya, ya tsallaka ta Magama ya shiga Ɗan Isa. Takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara ne kawai a aljihunsa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ta haramta wa shiga, amma a wannan iyaka ba a cika fom ɗin da ke tambayar tarihin mutum a kotu. Abin da ya dami jami'ai shi ne kayan da ke cikin kwali.

A farkon 2019 ya je Umara. An ɗauki hoton yatsunsa, ba a nemi takardar 'yan sanda ba, ya je ya dawo lafiya. A watan Agusta na shekarar gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020, kuma kafin nan jarinsa ya karye. Abu ɗaya dai ya zauna masa a rai daga waɗannan shekaru: ya fita ƙasa sau da yawa babu wanda ya tare shi, saboda haka sunansa ba ya ko'ina.

Neman bizar Ingila na farko: Nuwamba 2021

Ɗan baffansa zai kammala digiri na biyu a Ingila, ya gayyace shi bikin. Ya je wurin wani ejan a Kaduna wanda ke cika wa mutane fom. A fom ɗin bizar ziyara akwai tambaya ko an taɓa samun mutum da laifi a kotu, a Birtaniya ko a wata ƙasa, a kowane lokaci. Ejan ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Malam, an taɓa ɗaure ka?" Ya ce ɗauri dai ba a yi ba, amma an taɓa cin sa tara a kan wata waya. Ejan ya ce wannan ba komai ba ne, idan aka rubuta ma ɓata takarda zai yi, ya danna "a'a". Mutumin yana zaune yana kallo, shi ya sa hannu daga baya, shi kuma ya je Abuja aka ɗauki yatsunsa.

An hana shi bizar a watan Disamba. Dalilin da aka rubuta na kuɗi ne: an ga wasu manyan kuɗaɗe sun shiga asusunsa gab da neman biza ba tare da bayanin inda suka fito ba. Ba a ambaci kotu ba.

Ga yadda ƙa'idar Birtaniya take a lokacin, tun daga 1 ga Disamba 2020. Wanda aka taɓa ɗaurewa wata 12 ko fiye, dole a hana shi. Mai neman ziyara da aka ɗaure ƙasa da wata 12, dole a hana shi idan bai yi shekara ɗaya da gama zaman ba. Wanda hukuncinsa ba na ɗauri ba ne, kamar tara, dole a hana shi ziyara idan bai yi shekara ɗaya da hukuncin ba. Tararsa a lokacin ta haura shekara biyar. Ƙa'idar kuma ta ce wanda aka tabbatar ya yi yaudara a neman biza za a rufe masa ƙofa shekara 10.

Aikin kula da tsofaffi: 2022 zuwa Afrilu 2023

A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe wa masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya hanyar samun bizar aiki. Samari da 'yan mata da yawa daga Zariya da Kaduna sun bi wannan hanya kafin a rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025. Shi ma ya yi ɗan gajeren kwas, ya ci jarabawar Turanci, ya yi gwajin tarin fuka, ɗan baffan nasa kuma ya samo masa gidan kula da tsofaffi da ya yarda ya ɗauke shi. Ya sayar da filin da ya mallaka a bayan gari don biyan kuɗaɗen.

Bambancin wannan biza da ta ziyara shi ne, mai neman aikin lafiya ko koyarwa ko kula da mutane sai ya kawo takardar shaidar 'yan sanda daga duk ƙasar da ya zauna wata 12 ko fiye cikin shekara 10 da suka wuce. A Najeriya wannan takarda tana dogara ne da babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi ta 'yan sanda da ke Alagbon a Legas, kuma ana nema ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP. Da yatsu ake bincike, ba da suna kaɗai ba. Ba kowane hukuncin ƙaramar kotu ke isa can ba, shi ya sa za ka ji wani ya ce shi ma an taɓa cin sa tara kuma takardarsa ta fito fes. Katin wannan mutumin ya isa. A Janairun 2023 bincike ya nuna hukuncin 2016.

Wani ɗan kamasho ya ce zai samo masa wata takardar mai tsabta a kan naira 150,000. Ya yi kwana uku yana juya maganar, ɗan baffan ya hana shi, yana cewa idan aka gano jabu ce shi ma da ya gabatar da shi ga masu gidan zai shiga uku. Sai ya cika sabon fom da kansa, ya amsa "e", ya haɗa da takardar gaskiya.

Amsa ta zo a watan Maris. An hana shi, kuma ba don wayar ba. Jami'in ya ɗauko fom ɗin 2021 ya ajiye kusa da na 2023, ya ce a na farko an ɓoye hukuncin da mai nema ya san da shi, wannan kuwa yaudara ce. Haramcin shekara 10 ya hau kansa. Ya biya fam 80 ya nemi a sake duba shawarar cikin kwana 28 da doka ta ba shi, ya rubuta cewa ejan ne ya cika fom. A watan Afrilu aka tabbatar da hanin. Sake dubawar tana neman kuskuren jami'i ne kawai, kuma a bayanin da ya rubuta da hannunsa ya faɗi cewa ya gaya wa ejan maganar tarar, wato ya san an amsa ba daidai ba.

Hanyoyi uku da ba su ɓulle ba: Mayu zuwa Satumba 2023

Ta farko canza suna ce. Ya yi takardar rantsuwa, ya buga a jarida, ya sauke sunan mahaifi ya ɗora na kaka, da niyyar yin sabon fasfo. Bai kai ga ofishin fasfo ba wani abokinsa ma'aikacin shige da fice ya zaunar da shi. Fasfo yanzu a ɗaure yake da lambar NIN, lambar kuma a ɗaure take da yatsu. Ko sunan ya canza, yatsun da aka ɗauka a Abuja a 2021 da 2023 suna nan a wurin Birtaniya, kuma Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand suna musayar bayanan yatsun masu neman biza a tsakaninsu. Yin ƙarya don samun fasfo kuma laifi ne mai zaman kansa a dokar Najeriya. Ya bar maganar, ya yi asarar kuɗin jarida.

Ta biyu afuwar gwamna. Sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yafe wa wanda aka hukunta a kan dokar jiha, bayan ya tuntuɓi kwamitin ba da shawara kan afuwa. Ya rubuta takarda ta hannun wani dattijon unguwa, har yau shiru. Ko da ta fito ba lallai ta biya buƙata ba: fom ɗin bizar Amurka yana tambayar kamu ko hukunci ko da an yi wa mutum afuwa, Kanada kuma ba ta karɓar afuwar wata ƙasa kai tsaye sai ta duba da kanta.

Ta uku ɗaukaka ƙara, don a rushe hukuncin daga tushe. Wannan ce ta kai shi ofishin wata lauya a Sabon Gari. Ta ce masa wa'adi ya wuce da shekaru, sai an roƙi kotu ta ƙara lokaci da dalili mai ƙarfi, sannan wanda ya amsa laifi da bakinsa yana da wuya ya dawo ya ce a soke. Ya ce, "Barista, ai ni ba a ɗaure ni ba." Ta ce masa zaɓin tara ba ya canza komai, an same shi da laifi, kuma a Najeriya hukunci ba ya gogewa da kansa don shekaru sun wuce.

Haɗa takardu da neman wankewa a Kanada: Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2025

Lauyar ce ta juya tambayar. Maimakon yadda za a ɓatar da hukuncin, wace ƙasa ce ke da hanyar da doka ta shimfiɗa wa mai irinsa? Ta haɗa shi da wani mai lasisin ba da shawara kan shige da fice a Kanada, kuma tunda yana da sakamako mai kyau a aikin gona, aka karkata ga karatun digiri na biyu.

Kanada ba ta duba sunan laifin a dokar Najeriya ko girman tarar. Tana tambaya ne: da a Kanada aka aikata wannan, wane laifi ne, kuma mene ne iyakar hukuncinsa? Riƙe kayan da aka san na sata ne, idan darajarsu ba ta wuce dala 5,000 ta Kanada ba, iyakarsa ɗaurin shekara biyu. Wannan ya isa ya hana baƙo shiga, amma bai kai sahun manyan laifuffuka masu hukuncin shekara 10 ko fiye ba. Mai laifi ɗaya irin wannan yana da hanya biyu. Idan shekara 5 ta wuce da kammala hukunci, yana iya cika fom mai lamba IMM 1444 ya nemi a amince cewa ya gyaru. Idan ya jira shekara 10 ba tare da wani laifi ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya gyaru ba sai ya nema ba. Ga wanda aka ci tara, lissafin yana farawa daga ranar da ya gama biya. Shekara 10 ɗinsa sai Afrilun 2026 za ta cika, ya zaɓi kada ya jira.

A nan aikin ya koma na tono. Kwafin shari'ar mai hatimin kotu ya ci wata biyu, domin an sauya alƙali har sau biyu, tsofaffin fayiloli kuma suna ɗaure da igiya a wani ɗaki, shekara-shekara. Magatakarda ya nemi lambar ƙara, shi kuwa bai san ta ba. Lambar tana jikin rasit, rasit kuma babu wanda ya tuna da shi tun 2016. Mahaifiyarsa ce ta ce a sauko mata da adakarta. A ƙasan atamfofin da ba ta ɗinka ba akwai wata leda, cikinta katin asibiti na haihuwarsa, takardar gida, da rasit ɗin an ninke shi huɗu, tawadar ta koɗe amma ana karanta kwanan wata da lambar. Ta ce, "Na san takardar hukuma ba a yar da ita." Wannan 'yar takarda ita ce ta buɗe fayil, ita ce kuma shaidar ranar da hukuncin ya ƙare.

Sauran abin da aka haɗa: rahoton farko na 'yan sanda da aka karanta a kotu, kwafin sashen dokar da aka hukunta shi da shi, sabuwar takardar shaidar 'yan sanda, jerin duk inda ya zauna da duk aikin da ya yi, takardar aurensa, da wasiƙu daga mai unguwa, limamin masallacinsu da shugaban ƙungiyar masu sana'ar waya. Sai bayaninsa na kansa, shafi biyu. Rubutun farko da ya yi duk kare kai ne: yaron ne ya cuce shi, kawu ne ya matsa masa, ejan ne ya danna. Lauyar ta mayar masa. Na ƙarshe ya faɗi cewa farashin wayar ya isa ya sa shi zargi kuma ya kau da kai, ya bayyana cewa tun daga lokacin ba ya sayen waya sai da rasit da hoton katin mai sayarwa, ya kuma kawo hanin Birtaniya guda biyu da dalilinsu ba tare da an tambaye shi dalla-dalla ba. A dokar Kanada ɓoye irin wannan yana jawo haramcin shekara 5.

An tura a Janairun 2024, kuɗin nema ya ɗan haura dala 200 ta Kanada. A watan Yuli aka nemi ƙarin bayani kan darajar wayar, aka aika da shafin rahoton 'yan sanda da ya ambaci kuɗinta. Gurbin karatun da ya samu na Satumbar 2024 ya wuce shi, makarantar ta ɗaga masa zuwa baɗi. Wasiƙar Kanada ta amincewa cewa ya gyaru ta zo a Fabrairun 2025, bayan wata 13.

Izinin karatu da filin jirgi: Maris zuwa Agusta 2025

Wasiƙar ba biza ba ce, cikas ɗaya kawai ta kawar. Ya nemi izinin karatu kamar kowa, da shaidar kuɗin makaranta da na zama, waɗanda tallafin sashen da ya ɗauke shi da gudummawar dangi suka rufe. Ya amsa "e" a tambayar laifi, "e" a tambayar ko wata ƙasa ta taɓa hana shi biza. An ba shi a watan Yuni.

A ƙarshen Agusta ya sauka a Toronto. Ma'aikaciyar shige da fice ta farko ta duba kwamfuta ta tura shi ɗakin bincike na biyu. Ya zauna kusan awa biyu. Wanda ya kira shi ya tambaye shi abin da ya faru a 2016 da abin da ya faru a 2021, ya karɓi wasiƙar amincewa da kwafin shari'ar ya gwada da abin da ke gabansa, sannan ya buga masa takardar izinin karatu.

Abin da ya ci, abin da bai ci ba, da dalili

Laifin 2016 shi kaɗai bai rufe masa ko ɗaya daga cikin ƙasashen da ya nemi shiga rufewar dindindin ba. Nijar da Saudiyya ba su tambaya ba. Birtaniya ta tambaya, kuma da ya faɗi gaskiya a 2021 ƙa'idarta ba ta wajabta hana shi saboda tarar ba. Wataƙila da an hana shi saboda kuɗin asusun kamar yadda aka yi, amma da fom ɗin 2023 bai sami abin da zai ci karo da shi ba. Jami'in bizar aiki yana da ikon hana mai tsohuwar tara idan ya ga dama, ba za a ce tabbas da an ba shi ba, sai dai hani irin wannan ba ya zuwa da shekara 10.

Ejan yana da nasa alhaki, kuma irinsa suna da yawa, masu auna nasararsu da yawan fom ɗin da suka tura. Amma a ganina dogaro da "ejan ne ya yi" ya ƙara ɓata masa lokaci. Ƙa'idar Birtaniya ta bambanta bayanin ƙarya da aka shigar ba da sanin mai nema ba da wanda ya sani, kuma shi yana cikin na biyu. Canza suna da takardar jabu ba su da wata makoma tunda yatsu ake bi. Afuwa da ɗaukaka ƙara hanyoyi ne na halal, amma suna ƙoƙarin gyara abin da ke Najeriya ne, alhali tambayar da ke fom ɗin ƙasashen waje ita ce ko abin ya taɓa faruwa.

Hanyar Kanada ta ci saboda abu huɗu sun haɗu, ba gaskiya kaɗai ba: laifin ɗaya ne, ƙarami ne a ma'aunin dokarsu, shekarun da ake buƙata sun cika, kuma akwai takardun da suka tabbatar da kowane kwanan wata. Da ƙwaya ce aka kama shi da ita yana sayarwa, ko da laifi biyu ne, ko da rasit da fayil sun ɓace, lissafin zai bambanta ƙwarai.

Wurin da na fi ganin an yi sakaci shi ne harabar kotu a Afrilun 2016. Kawun bai yi don mugunta ba, kuma duk wanda ya taɓa kai wa ɗansa abinci gidan yari zai fahimce shi. Amma yaron yana da abin faɗa: doka tana buƙatar a tabbatar ya sani ko yana da dalilin zaton kayan na sata ne, kuma akwai hukumar ba da tallafin lauya kyauta ga marasa hali da ba wanda ya nema. Mai yiwuwa a ƙarshe da an same shi da laifin duk da haka. Abin da ba a yi ba shi ne gaya masa cewa amsawar za ta shiga kati.

Haramcin Birtaniya yana nan har farkon shekarun 2030, ko bayansa kuma zai ci gaba da ambaton hukuncin da hanin biyu a kowane fom. Amincewar Kanada ba ta aiki a Amurka, wadda ke da nata ma'auni. Filin da ya sayar bai dawo ba. Matarsa da 'yarsu suna Tudun Wada, kuma a takardunta na neman bin sa, waɗanda lauyar ke dubawa yanzu, an saka kwafin wasiƙar amincewar tasa tun a shafin farko.